Atisayen Tsokokin Fuska da Tausarsu

Fuskar ɗan Adam tana ɗauke da tsokoki kimanin 40. Masana ilmin halittar jiki sun ɗan saɓa a kan adadin, domin wasu tsokokin sun sarƙe da juna har ba a iya cewa ga inda wannan ta ƙare waccan ta fara, wasu kuma ba kowa aka halitta da su ba. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne tsarinsu ya sha bamban da na sauran tsokokin jiki. Tsokar damtse daga ƙashi take tasowa, ta tsallake gaɓa, ta kama wani ƙashin, aikinta kuma lanƙwasa gwiwar hannu. Yawancin tsokokin fuska kuwa daga ƙashi suke tasowa su ƙare a cikin fata, wasunsu ma a jikin 'yan'uwansu tsokoki suke ƙarewa. Idan suka motsa, fata suke ja. Da haka ake murmushi, da haka ake ɗaure fuska, da haka ake ƙifta ido da tura baki. Duk maganar atisayen fuska da tausarta a kan wannan bambanci ta ginu.

Tsokokin sun kasu gida biyu. Na farko su ne masu nuna yanayin zuciya: wadda ta shimfiɗu a goshi tana ɗaga gira, ƙananan da ke tsakanin gira suna haɗe su in rai ya ɓaci, wadda ta kewaye ido tana rufe shi, wadda ta kewaye baki tana tsuke leɓɓa, waɗanda suka gangaro daga ƙashin kunci zuwa gefen baki suna jan sa sama lokacin dariya, da wata siririya mai faɗi da ta taso daga saman ƙirji ta rufe gaban wuya har haɓa. Jijiyar saƙo guda ɗaya ce ke sarrafa su a kowane ɓangare, ita ce ta bakwai a jerin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. Tana ɓullowa ta ƙarƙashin kunne, ta ratsa ta cikin ƙullin nan mai samar da yawu wanda ke kumbura idan yaro ya kamu da hangum, sannan ta rabu reshe biyar ta bazu a fuska. Gida na biyu su ne tsokokin tauna, guda huɗu a kowane ɓangare, waɗanda jijiya ta biyar ke sarrafawa. Biyu daga cikinsu ana iya jin su da hannu: in aka cije haƙora, ɗaya za ta yi tauri a kusurwar muƙamuƙi, ɗayar kuma a gefen goshi sama da kunne. Waɗannan kam ƙashi suke motsawa, kuma suna cikin mafiya ƙarfi a jiki.

Wani likitan Faransa, Duchenne de Boulogne, shi ne ya fara bin tsokokin nan ɗaya bayan ɗaya da wutar lantarki yana ɗaukar hoton abin da kowacce ke yi wa fuska, ya wallafa aikinsa a 1862. Shi ya lura cewa murmushin gaskiya ba ya tsayawa a baki, sai ya haɗa da tsokar da ta kewaye ido, abin da murmushin yaƙe ba ya yi.

Kafin a auna amfanin atisaye, sai a fara sanin abin da ke tsofar da fuska, domin tsoka ɗaya ce kawai daga cikin abubuwa huɗu da suka hau kan juna. A ƙasa akwai ƙashi, sai tsoka, sai kitse, sai fata. Ƙashin fuska yana raguwa da shekaru, musamman kewayen ido da muƙamuƙi, kuma zubewar haƙora tana gaggauta hakan. Kitsen fuska kuwa ba a dunƙule yake ba, ɗaki-ɗaki yake, kowane da iyakarsa; a ƙuruciya sun cika sun haɗe, shi ya sa kumatu ke yin ɓul-ɓul, da tsufa kuma sai su motse su zamo ƙasa. Ita fata ƙarfinta yana ga wasu zaruruwa biyu da ke cikinta, kolajin mai ba ta kauri da ilastin mai sa ta koma mazauninta in an ja ta. Kolajin yana raguwa da kimanin kashi 1 cikin 100 a kowace shekara bayan mutum ya girma, kuma ga mata raguwar tana yin sauri a shekarun farko bayan ɗaukewar al'ada. Hasken rana da hayaƙin taba suna lalata zaruruwan biyu. Cikin waɗannan huɗu, atisaye tsoka kaɗai yake taɓawa kai tsaye.

Hujjar masu koyar da atisayen fuska ita ce tsoka in ta sha aiki tana ƙara kauri, kuma idan tsokar kunci ta yi kauri za ta cike wani ɓangare na gurbin da kitse ya bari. Binciken da aka fi kafa hujja da shi an yi shi ne a Jami'ar Northwestern da ke Amurka, ƙarƙashin jagorancin likitan fata Murad Alam, aka buga shi a 2018. An ɗauki mata 27 masu shekaru 40 zuwa 65, aka koya musu atisaye iri 32. Suka yi minti 30 kullum na tsawon mako 8, sannan rana ɗaya bayan ɗaya na tsawon wasu makonni 12. Likitocin fata suka duba hotunan da aka ɗauka a farko da tsakiya da ƙarshe, suka ga kumatu sun ƙara cika sama da ƙasa. Da aka ce su ƙiyasta shekarun matan daga hoto, matsakaicin ƙiyasin ya sauko daga 50.8 zuwa 48.1, wato kusan shekara uku.

Labarin ya zaga duniya, amma wajen ba da shi an yi ta tsallake wasu abubuwa. Cikin mata 27 ɗin, 16 ne kaɗai suka kai ƙarshe, saura sun bari, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda jimillar aikin ta tasam ma awa 50. Ba a ware wani rukuni da bai yi atisayen ba domin a kwatanta, alhali wannan shi ne ginshiƙin gwaji a likitance. Babu namiji ko ɗaya a ciki. Su kansu masu binciken sun ce gwaji ne na share fage. Shekara huɗu kafin nan, a 2014, wasu masana daga Jami'ar Ghent ta Beljiyam sun tattara binciken da aka taɓa yi a kan batun, suka samu guda tara, babu ɗaya da ya cika sharuɗɗan gwaji mai ƙarfi, suka ce hujjar ba ta isa a yanke hukunci ba. Saboda haka iyakar abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne akwai alamar cewa naci a kan atisaye yana ɗan cika kumatu. Duk mai tallar cewa zai mayar da tsohuwa budurwa a mako biyu, kasuwa yake ci.

Akwai kuma hujjar da ke ja da baya, wadda ta fito daga wancan bambanci na farko. Tunda tsoka fata take ja, duk motsin da aka maimaita yana naɗe fatar a wuri guda, kamar yadda takalmin fata ke yin layi daidai inda ƙafa ke lanƙwasa shi. Layukan goshi, da biyun nan da ke tsaye tsakanin gira, da waɗanda ke gefen ido, duk aikin tsoka ne na shekara da shekaru. Allurar Botox, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita domin layukan tsakanin gira a 2002, aikinta shi ne ta kashe wa tsoka ƙarfi na 'yan watanni, fatar ta huta ta miƙe. Wato likitoci suna rage tamoji ne ta hanyar hana tsoka motsi, masu atisaye kuma suna neman rage shi ta hanyar ƙara mata motsi. Duka biyun suna iya zama daidai, amma a wurare daban. A kunci, inda matsalar ramewa ce, ƙarin kaurin tsoka yana iya taimakawa. A goshi da gefen ido, inda matsalar naɗewa ce, yawan yamutsa fuska da sunan atisaye ƙara zurfafa layin yake yi.

Don haka atisayen da ya fi ma'ana shi ne na kunci da kewayen baki. Ɗaya daga cikin waɗanda aka yi amfani da su a binciken Northwestern shi ne a buɗe baki a zagaye shi, a naɗe leɓen sama a kan haƙora, a yi murmushi har kumatu su ɗaga, a ɗora yatsu a hankali a saman kunci, a saki, a sake ɗagawa, a yi ta maimaitawa. Wani kuma shi ne a rufe leɓɓa, a yi murmushi ba tare da haƙora sun fito ba, a sa yatsu a gefen baki a tura naman sama zuwa ƙashin kunci, a riƙe na daƙiƙa 20. Ana kuma cika baki da iska a riƙa mayar da ita daga wannan kunci zuwa wancan. Gaban madubi ake yi, domin a tabbatar goshi da idanu ba su shiga aikin ba. Da an ga gira ta haɗe ko gefen ido ya tattare, an kauce hanya.

Abubuwa biyu atisaye ba ya yi. Ba ya narkar da kitsen wuri guda, don haka naman da ya taru ƙarƙashin haɓa ba zai tafi da miƙa wuya ba, sai dai in nauyin jiki gaba ɗaya ya ragu, wani ma gado ne. Ba ya kuma sauya ƙirar ƙashi ga wanda ya gama girma. Samarin da ke wuni suna taunar cingam mai tauri ko roba don muƙamuƙinsu ya fito, tsokar tauna kawai suke kumburawa, kuma sau da yawa abin da ke biyo baya shi ne ciwo a mahaɗar muƙamuƙi gaban kunne, da ƙara in an buɗe baki, da ciwon kai.

Tausa kuwa daban take da atisaye, domin a nan tsoka hutawa take yi, hannu ne ke aiki. Amfaninta na farko gudun jini ne. Wasu masu bincike a Cibiyar Fasaha ta Tokyo da ke Japan sun nuna a 2018 cewa minti 5 na tausar kunci da ɗan abin mirginawa yana ƙara gudun jini a fatar wurin na fiye da minti 10 bayan an gama. Wannan shi ne hasken da ake gani a fuska bayan tausa, kuma na ɗan lokaci ne. Amfani na biyu shi ne sauke kumburi. Tsakanin ƙwayoyin halittar jiki akwai wani ruwa marar launi da ake kira limf, wanda ke bin ƙananan hanyoyi ƙarƙashin fata zuwa ƙulle-ƙullen da ke gaban kunne da ƙarƙashin muƙamuƙi da gefen wuya, waɗanda in sun kumbura ake cewa kaluluwa. Wannan ruwa ba shi da zuciya mai harba shi, motsi ne ke tura shi. Mutum in ya kwana a kwance, musamman bayan abinci mai gishiri ko kuka ko ƙarancin barci, ruwan yakan taru a fuska, idanu su yi luhu-luhu. Shafa mai taushi tana korar sa. Wani ɗan ƙasar Denmak, Emil Vodder, shi ya tsara wannan salon tausa a shekarun 1930 lokacin da yake aiki a Faransa, kuma har yau asibitoci na amfani da shi ga masu kumburi bayan tiyata. Amfani na uku, wanda watakila ya fi sauran tabbata, shi ne sassauta tsokokin tauna ga mai cizon haƙora cikin barci ko mai ɗaure muƙamuƙi saboda damuwa.

Yadda ake yi ba wuya. A wanke hannu da fuska, a yanke farce, a ɗiga ɗan mai domin yatsu su riƙa sulɓi maimakon jan fata. A fara daga gefen wuya ana shafawa ƙasa zuwa gindinsa, don a buɗe wa ruwan hanya. Daga nan a koma fuska, ana tasowa daga tsakiya zuwa gefe: daga haɓa a bi ƙashin muƙamuƙi zuwa kunne, daga gefen hanci a bi ƙasan ƙashin kunci zuwa kunne, daga tsakiyar goshi zuwa gefensa. Fatar kewayen ido ita ce mafi siranta a jiki, don haka a nan ɗan taɓawa ake yi da yatsan zobe, ba a murzawa. A kusurwar muƙamuƙi da gefen goshi ne kaɗai ake ɗan dannawa ana juya yatsu, baki a sake. Minti biyar ya wadatar. Hanyoyin limf a sama-sama suke, dannawa da ƙarfi toshe su take yi. Duwatsun gua sha na Sinawa da ƙananan abubuwan mirginawa da suka cika kasuwa ba su yin abin da yatsu ba za su yi ba, sai dai sanyin dutsen yana ƙara rage kumburi, kuma in ba a wanke su, datti suke yaɗawa.

Taushin hannu ya fi muhimmanci ga mai baƙar fata. Yawan melanin, wato sinadarin da ke ba fata launi, yana kare ta daga rana, shi ya sa tamoji ke jinkirin bayyana ga baƙar fata in aka kwatanta da farar. Amma ƙwayoyin da ke samar da melanin ɗin suna da saurin harzuƙa: duk abin da ya ji wa fata ciwo, ko ƙurji ne ko ƙuna ko yawan gurza, yakan bar baƙin tabo da ke ɗaukar watanni kafin ya dushe. Wannan ya shafi dilka, wadda ta samo asali daga Sudan ta zama ruwan dare a gyaran jikin amare daga Maiduguri har Kano. Dilka tausa ce haɗe da gurza, tana cire matacciyar fata ta bar jiki sumul, amma ƙarfin da ƙafa da baya ke ɗauka ya fi ƙarfin fuska, kuma maimaita ta kullum a makon biki yana iya sa amarya ta shiga ɗaki da tabon da ba ta da shi a da.

Wadda ke shafa man bilicin kuwa hatsarinta ya fi haka. Da yawa daga mayukan nan suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, ko haidirokwinon, ko makuri, kuma hukumar NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kansu. Sitiroyid yana sirantar da fata, ya fito da jijiyoyin jini fili, ya sa ta saurin darjewa da jinkirin warkewa. Irin wannan fata ba ta jure murza. Abin da take bukata shi ne likitan fata ya tsara yadda za a janye man a hankali.

Batun man tausa ya danganta da fata da kuma lokaci. Da hunturu, lokacin da iska ke busar da fata har leɓɓa su tsage, man kaɗanya yana riƙe danshi sosai, musamman in an shafa shi fuska na da sauran laima. Mai fuska mai maiƙo da ƙuraje kuwa gara ya guji mai mai nauyi, man kwakwa musamman yana toshe ƙofofin gashi. Da bazara, ga zafi ga gumi, ɗigo biyu sun isa, a kuma wanke bayan an gama.

Akwai yanayin da ba a tausa sam: inda ƙuraje suka yi ja suna ciwo, inda akwai maruru ko makero ko rauni ko ƙuna, lokacin da kaluluwa ta kumbura, da bayan tiyata ko allurar gyaran fuska har sai likita ya ba da izini. Yankin da ya taso daga gefen baki biyu zuwa karan hanci jijiyoyin jininsa suna da hanya zuwa cikin ƙoƙon kai, don haka matse ƙurji mai mugunya a wurin yana iya kai cuta ciki. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma in ya faru yana da muni. A wuya kuma, ƙasa kaɗan da kusurwar muƙamuƙi inda ake jin bugun jini, akwai wani wuri da ke auna hawa da saukar jini. Danna shi da ƙarfi yana rage bugun zuciya, har ya kai ga suma, musamman ga tsofaffi.

Inda atisayen fuska ya fi samun gurbi a likitanci shi ne shanyewar ɓarin fuska. Mutum yakan wayi gari bakinsa ya karkace, ido ɗaya ba ya rufuwa, ruwa na zuba ta gefen baki in ya sha. A ƙasar Hausa akan danganta wannan da iska ko marin aljani, a ɓata kwanaki ana turare kafin a je asibiti. Mafi yawan lokuta kumburi ne ya kama jijiya ta bakwai a cikin ƙunƙuntar hanyar da take bi a ƙashin kunne, ciwon da ake kira da sunan likitan Sukotlan Charles Bell, wanda ya bayyana aikin jijiyar a 1821. Ya fi samun masu ciwon suga da mata a ƙarshen goyon ciki. Kimanin mutum 7 cikin 10 suna warkewa sarai ko ba magani, kuma adadin yana ƙaruwa idan aka fara shan maganin rage kumburi cikin awa 72 na farko. Ciwon kunne mai zubar da mugunya, da kuturta, da raunin kai, su ma suna iya taɓa jijiyar.

Wajibi ne a bambanta wannan da shanyewar ɓarin jiki, wadda tushenta a ƙwaƙwalwa yake. A ciwon Bell, ɓarin fuskar duka yake mutuwa har goshi, mutum ba ya iya ɗaga girar wannan gefen. A shanyewar ɓarin jiki kuwa goshi yakan tsira, sai ƙasan fuska ya faɗi, sau da yawa tare da nauyin hannu ko ƙafa ko sarƙewar magana. Wannan bambanci na likita ne ya tantance. Duk karkacewar baki da ta zo farat ɗaya, asibiti za a nufa a wannan sa'ar.

Bayan an tantance, abu na farko shi ne kare idon da ba ya rufuwa, da maganin ɗigawa da rana, a kuma rufe shi da dare, don kada ya bushe ya yi gyambo. Sannan sai aikin likitocin fisiyo, waɗanda jama'a ke kira masu gashi, kuma ana samunsu a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Atisayen da suke koyarwa ya saɓa wa na masu neman kyau. Motsi ne ƙanana, a hankali, gaban madubi, ana ƙoƙarin daidaita ɓarin da ya shanye da mai lafiya: ɗaga gira kaɗan, rufe ido ba tare da matsewa ba, jan gefen baki, hura iska. Ana haɗawa da tausa mai taushi don tsokar kada ta ƙage. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne jijiyar in tana sake tsirowa rassanta sukan yi ɓatan kai, reshen da ya kamata ya je baki ya tafi ido, sai mutum ya riƙa ƙifta ido duk sa'ad da ya yi murmushi, ko hawaye su zubo masa in yana cin abinci. Yunƙurin motsa fuskar gaba ɗaya da ƙarfi yana ƙarfafa wannan haɗewar, shi ya sa ake koya wa majinyaci motsa tsoka ɗaya-ɗaya. Alamar sauƙi takan fara bayyana cikin mako uku, cikakkiyar warkewa kuma takan ɗauki wata uku zuwa shida. Wanda ya kai wata uku bai ga wani canji ba, ana mayar da shi ga likitan jijiya ko na kunne domin a sake bincike.